Abin da Muka Gani a Saman Bahar Maliya

A garinmu Alhaji Hashimu ake ce mini, ni kuma ina amsawa, don na gaji da bayani. Gaskiyar magana ita ce ban taɓa tsayuwar Arfa ba. Ka'aba kam na gan ta, na yi Umra cikin azumi, amma kowa ya san Umra ba Hajji ba ce. Shekara shida na yi a hanya, na ƙara shekara guda a Jidda ina jiran ranar, saura kwana biyar aka raba ni da ita. Idona ne ya ja mini, da kuma tarbiyyar gidanmu.

Gidanmu gidan duban wata ne. Duk ranar ashirin da tara ga wata mahaifina yakan hau tudun da ke yamma da gari, ni ina biye da shi. In Allah ya nuna masa jinjirin wata, ba ya gaya wa kowa a hanya. Gida zai koma ya yi alwala, ya sa farar rigarsa, ya nemi mutum na biyu da ya gani tare da shi, su tafi gaban alƙali su ba da shaida, domin a wurinmu shaidar mutum ɗaya ba ta tsayar da wata. Ya sha gaya mini cewa wanda ya gani ya ɓoye, in gari ya ci abinci ranar azumi, alhakin yana wuyansa. Na tashi da wannan magana, na kuma tashi da idon da ya fi nasa kaifi, har ina ɗan jin kai da shi.

Tare da Yaya Lawal na yi tafiyar. Ɗan yayan mahaifiyata ne, ya girme ni da shekara biyar, kuma ya fi ni baki nesa ba kusa ba. A gonakin audugar Sudan muka fi daɗewa, a can ma muka ji labarin ƙasarmu ta sami 'yancin kai. A can ne zazzaɓi ya kwantar da ni wata guda, ina sambatu, ban san inda kaina yake ba. Yaya Lawal ne ya yi jinyata. Shi ke dama mini kunu, shi ke wanke mini jiki, ya bar aikinsa ya zauna a kaina. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na manta alheri.

A Sawakin muka shiga kwalekwalen wani Balarabe mai tsallakar da marasa takarda. Ya sauke mu a wani bakin teku da babu ko bukka, ya nuna mana wasu duwatsu ya ce Jidda tana bayansu. Bayan duwatsun babu komai sai wasu duwatsun. Mun fi kwana goma muna tafiya a ƙasa, muna roƙon ruwa wurin makiyayan raƙuma. Ranar da muka shiga Jidda, motocin alhazai muka tarar suna dawowa daga Makka, kawunansu a aske, kowa riƙe da gorar zamzam. Na zauna a gefen titi na yi kuka kamar an aiko mini da rasuwa. Yaya Lawal ya dafa ni ya ce, "Tashi, Hashimu. Wanda ya yi shida, ɗaya ba za ta gagare shi ba. Baɗi tare za mu tsaya."

A Hindawiyya muka sami wurin sa haƙarƙari, unguwar da baƙar fata suka fi yawa, ɗakuna na katako da gwangwani. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a bakin ƙofarta, Gwaggo Safiya, ita ta ba mu lungun zaurenta. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo aikin Hajji ba su koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, in ta yi fushi kuma Hausar takan gudu gaba ɗaya. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma kullum sai ta sa na ba ta labarin damina, yadda ƙasa ke ƙamshi in ruwan farko ya sauka. Ni kuma ina ba ta labarin, kewar gida tana cina.

Mun sami aiki a wani bene mai hawa huɗu da ake ginawa a unguwar Bagdadiyya. Yaya Lawal ya koyi jera bulo, ni kuwa ɗaukar kwanon siminti, a hau a sauko tun safe har rana ta yi sanyi. Mai ginin ya yi mana alkawarin in an gama zai tsaya mana a matsayin kafili, a ba mu iƙama, wato takardar zama. Kafin nan sai lallaɓawa. In mun hango ɗan sanda mu sauya titi, in an zage mu mu yi murmushi. Na sayi haramina tun da azumi, fari tas, na naɗe na sa a ƙasan tabarma. Wani lokaci in na dawo aiki sai na ɗaga tabarmar na duba, sai ka ce wani zai sace.

Ranar ashirin da tara ga Zulƙida, da aka tashi aiki, na ce wa Yaya Lawal mu tsaya a saman benen mu duba wata. Wannan watan na shekara bakwai ina jira, ina so in gan shi da idona, ba a rediyo ba. Ya yi tsaki ya ce gadon gidanmu ya motsa, amma ya tsaya. Daga can sama ana ganin teku shimfiɗe, da jiragen ruwan alhazai a jere. Rana ta faɗi ke nan, sararin yamma ya yi ja.

Na kafa ido inda ya kamata wata ya tsaya. Ban ga wata ba. Sama kaɗan da wurin na ga wani abu a tsaye, zagayayye, mai faɗi kamar faifai, yana ƙyalli irin na sabon kwanon sha. Ba shi da fiffike, ba hayaƙi, ba ƙara. Kada wani ya ce mini jirgin sama ne. Filin jirgi ba nisa da inda muke aiki, kullum a kanmu suke wucewa, mun san kukansu mun san fasalinsu. Wannan tsayawa ya yi cak, gwargwadon a karanta Fatiha bakwai. Sannan ya ɗan karkata, ƙasansa ya yi ja kamar garwashi, ya nufi kudu da gudun da idona, duk kaifinsa, bai iya binsa ba.

Sai da ya ɓace na ji zafi a hannuna. Ashe Yaya Lawal ne ya damƙe mini wuyan hannu, har faratansa uku sun shige cikin fata. Yana ta maimaita, "Ka gani, Hashimu? Ka gani?" Siminti ya shiga ciwon, ya ci wurin, tabon yana nan har yau.

Washegari aka ba da sanarwar tsayuwar wata. Game da ɗaya abin kuwa rediyo bai ce uffan ba, amma gari ya ɗauka. A gidan gahawa wasu su ce aljanu ne, wasu su ce makamin Turawa ne ake gwadawa, wasu su ce alamar tashin duniya ce. Abin da na lura shi ne, kowa cewa yake an gaya masa, babu mai cewa shi ya gani. Na ɗauka tsoron aljanu ne.

Kwana uku bayan haka ɗan aiken umda, mai unguwarmu, ya bi lungu-lungu yana shela. Ya ce hukuma tana bincike a kan abin da aka ce an gani a saman teku, duk wanda ya gani da idonsa ya je wani gida a Bagdadiyya ya faɗa, kuma ba za a tambayi kowa takarda ba. Sau biyu ya maimaita maganar takarda.

Gwaggo Safiya tana kallona ta gane abin da ke raina. Ta ajiye matsamin ƙosai ta ce, "Ya waladi, ɗana, zo nan. Ni ma na gani, daga nan inda nake zaune. Rabin unguwar nan sun gani. In an tambaye ka, ka ce ma shuft, ban gani ba, halas."

Na ce, "Gwaggo, shaida ce fa. Hukuma ce ta nema. Wanda ya gani ya ɓoye..."

"Wannan a garinku ne," in ji ta. "Nan in hukuma ta ce wa ya gani, so take ta san bakin da za ta rufe. Saura kwana nawa Arfa? Ka yi Hajjinka tukuna, in ka koma gida ka hau tudunku ka yi ta shela."

Da na ji tata, da yanzu ba wannan labarin nake rubutawa ba. Amma sai na tambayi Yaya Lawal, shi kuwa ya ce, "Tsohuwa ce, tsoro ya yi mata yawa. Ka je. Wa ya sani, ƙila ma su ba ka iƙama tukuici. In sun nemi na biyu ka kira sunana, ina bayanka." A lokacin na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Daga baya na gane tura ni ya yi in gwada masa zurfin ruwan, in da riba ya biyo, in babu ya zauna.

Da safe na yi yadda na ga mahaifina yana yi. Na yi alwala, na sa rigata mai dama-dama, na tafi ba tare da na tsaya hira da kowa a hanya ba. Gidan ba shi da allo a ƙofa, sai soja ɗaya a zaune. An jera benci biyu don masu ba da shaida, duk Jidda ni kaɗai na zo. Ko wannan bai sa na farga ba, sai ma na ji ni ne mai tsoron Allah a garin.

Mutum uku na tarar a ciki: wani jami'i Balarabe mai farar jallabiya, wani Bature mai jar fuska da na'urar ɗaukar magana a gabansa, da tafinta, wani saurayi baƙar fata haifaffen Jidda mai jin Hausa. An ba ni kujera, an ba ni shayi. Tun da na sauka ƙasar ba wanda ya taɓa ba ni kujera. Na ba da labari dalla-dalla, lokaci, da kusurwa, da tsawon tsayuwarsa, yadda ake ba alƙali shaidar wata. Baturen ya yi ta tambaya. Ya ba ni fensir na zana. Sannan ya buɗe wata jaka ya fito da hotuna da zane-zane kusan goma ya baza a tebur, ya ce in nuna wanda ya yi kama. Na ɗora yatsa a kan ɗaya ba tare da wani dogon tunani ba. Ya dubi jami'in, jami'in ya dube shi, babu wanda ya yi mamaki. A nan na gane sun riga ni sanin abin, kuma ba wannan ne karon farko ba.

Na tambaya, "To mene ne shi?"

Tafinta ya juya musu tambayar. Jami'in ya fara tattara takardu. Ina jin da na yi shiru a nan, da sallamata za su yi. Amma a ganina aiki bai cika ba, tunda shaidar mutum ɗaya ba ta tsayawa. Ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Shaidar mutum ɗaya ba ta tsayawa, akwai na biyu. Ɗan'uwana ne, tare muka gani."

Tafintan bai juya maganar nan take ba. Ya sunkuyar da kai kamar yana gyara takarda, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ya akhi, ka tabbata in faɗi wannan?"

Na ce, "Faɗa mana. Ai gaskiya ce."

Bayan azahar aka shigo da Yaya Lawal, ƙafafunsa duk siminti. A mota aka ɗauko shi daga wurin aiki, soja a gefensa. Da ya shigo bai dube ni ba. Aka tambaye shi abin da ya gani.

"Ranka ya daɗe, ni ban ga komai ba," in ji shi. "Lokacin ina ƙasa ina wanke cebur."

Na ce, "Yaya."

Ya ci gaba, yana kallon jami'in. "Ku yi masa haƙuri. Tun wani zazzaɓi da ya yi a Sudan kansa yakan taɓu, ya riƙa ganin abubuwa. Ni na yi jinyarsa, na sani."

Na taɓa jin yunwa, na taɓa jin ƙishirwar da harshe ke kumbura, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Da musun gani kawai ya yi, da na ce tsoro ne. Amma ya ɗauko jinyar nan, abin da na fi gode masa a duniya, ya mai da ita hujjar cewa ni mahaukaci ne. Na naɗe hannun riga na nuna musu ciwon, ɗanye, guri uku. Na ce ga faratansa. Ya kalli hannun ya ce rodi ne ya yanke ni shekaranjiya. Aka ce masa ya tafi. Na ji ƙarar takalmansa yana sauka, da sauri.

Baturen ya ɗauke zanena da faifan maganata ya sa a jakarsa, ya fita ko sallama babu. Jami'in ya turo mini wata takarda da aka riga aka buga. Tafinta ya karanta mini, murya a sanyaye: wai na amsa cewa tauraruwar yamma na gani, na ruɗe, kuma na yi alkawarin ba zan ƙara tayar da maganar ba. Ni, ɗan gidan duban wata, a ce ban san Zara ba. Na ce ba zan sa hannu a shaidar zur ba.

Jami'in ya yi murmushi ya ce, "Kai da bakinka ka ce shaidar mutum ɗaya ba ta tsayawa. Na biyunka ya ce bai gani ba. Saboda haka ba a ga komai ba." Sannan ya miƙo hannu. "Ina iƙamarka?"

Na ce, "An yi shela ba za a tambayi takarda ba."

"Waɗanda suka ga wani abu ne ba za a tambaya ba," in ji shi. "Kai ba ka ga komai ba."

Sojan ne ya kama babban yatsana, ya dangwala a tawada, ya danna a takardar. Ban yi kokawa ba.

Wani fili mai katanga kusa da tashar jiragen ruwa aka kai ni, inda ake tara waɗanda za a mayar. Daga ciki muna jin motocin alhazai suna wucewa zuwa Makka, ana ta Labbaika, wata mota ta ɗauka wata ta ajiye. Har da muryoyin mutanenmu nake ganewa a ciki. Na yi ta kallon ƙofa, ina cewa ko kunya za ta kawo Yaya Lawal. Bai zo ba. Gwaggo Safiya ce ta zo, a ƙafa, da tsufanta, ta roƙi mai gadi har ya bar ta ta miƙo mini ƙunshi ta tagar ƙofa. Ƙosai ne da dabino, da haramina a naɗe yadda na bar shi. Na zaci za ta ce ai ta gaya mini, amma ba ta ce ba. Na tambaye ta Yaya Lawal.

"Ya tafi Makka jiya," in ji ta. "Mai ginin ya sa shi a motarsa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ka ci ƙosan tun da zafi, ya waladi."

Ranar Arfa a filin nan na wuni, na fuskanci gabas, haramin a kan cinyata. Bayan Salla aka loda mu a jirgin ruwa zuwa Sudan. Shekara biyu na ƙara kafin na ga gida.

Na tarar mahaifina ya rasu. Mutane suka fito tarar Alhaji, na yi bayani sau ɗaya, sau biyu, na ga ba wanda yake son ji, na bari. Da ashirin da tara ga Sha'aban ta zo, dattawa suka aiko in hau tudu in gaji ubana. Na ce siminti ya lalata mini ido. Ƙarya nake yi, har yau ina zura zare a allura ba tabarau. Ban ƙara ba da shaidar komai a gaban kowa ba. Labarin abin da na gani kuwa, matata kaɗai na taɓa ba, ita ma ta ce in riƙa yawaita addu'a. Haramin yana cikin akwatina, na bar wasiyya a yi mini likkafani da shi.

An fi shekara goma sha biyar kafin Yaya Lawal ya zo ganin gida. A jirgin sama ya zo, ya yi ƙiba, ga haƙorin Makka, an ce Hajjinsa ba ya ƙirguwa, har yana da leburori nasa a Jidda. Zumunci ya sa dole na je gaishe shi. Zaurensa cike da mutane, ana rabon dabino da zamzam a ƙananan kofuna. Ya rungume ni a gaban jama'a yana "Alhaji Hashimu, abokin tafiya", na amsa.

Da aka kira la'asar mutane suka watse, na miƙe zan tafi, sai ya riƙo rigata. Ya leƙa ƙofa ya tabbata ba kowa. Fuskarsa ta sauya, ta koma irin ta saman benen nan.

"Hashimu," ya ce, murya can ƙasa, "babu wanda zan iya tambaya sai kai. Shekarun nan duka, in na rufe ido sai na gan shi. Har malamai na je wa, na kasa faɗa musu. Don Allah, wai mene ne wancan abin da muka gani?"

Na dube shi. Idonsa yana kan wuyan hannuna, inda tabon nan uku suke. Na ja hannun riga na rufe.

Na ce, "Wane abu, Yaya? Ni lokacin ina ƙasa ina wanke cebur."

Na sa takalmana na tafi masallaci.